Daga ina “jami&#8217;a” ke fitowa a kanun labarai? Wayar ba ta da laifi

Duk mai bibiyar labarai da wayarsa ya taɓa cin karo da irin wannan. Sanarwa ta faɗo a saman allo, kanun labari ne na Hausa, amma a inda ya kamata a ga “jami'a” sai a ga `jami&#8217;a`. Ko kuma a turo mahaɗin wani labari a zauren WhatsApp, ɗan bayanin da ke ƙarƙashin hoton ya fara da `<p>` ya ƙare da `</p>`. Wani ya ɗauka wayarsa ce ta kamu da cuta, wani ya ce sabis ne ya yi rauni, har akwai mai goge manhajar ya sake sauke ta, ya ƙona datarsa a banza. Wayar kuwa lafiyarta ƙalau. Abin da aka aiko mata shi ta nuna, harafi bayan harafi. Ɓarnar ta auku ne tun a hanya, a hannun wanda ya shirya bayanan, kuma ɗaya daga cikin manyan tushenta wata tsohuwar ɗabi'a ce ta masu rubuta manhaja: cusa rubutu mai alamomin tsari a gurbin da ba a yi shi don haka ba, sannan a zo ana neman dabarar ciro shi.

Wannan ɗabi'a ya kamata a daina ta. Dabarar da aka fi amfani da ita wajen gyara ɓarnar kuma ta fi ɓarnar kanta hatsari.

Sai an ɗan leƙa bayan labule kafin a ga dalili. Akwai wani tsarin rubuta bayanai mai suna XML, wanda ƙungiyar W3C ta fitar a watan Fabrairun 1998. Mai waya ba ya ganin sa, amma yana tare da shi kullum. Da shi manhajojin sauraron shirye-shiryen murya ke samun jerin sabbin shirye-shirye ta hanyar RSS. Da shi aka daɗe ana zana fuskar manhajojin Android. Takardar Word mai ƙarewa da docx ma, in an kwance ta, tarin fayilolin XML ne aka ƙunshe wuri guda. A cikin wannan tsari wuri biyu ne ake ajiye bayani. Ga misali:

`<labari marubuci="Edita">An buɗe jami'a</labari>`

Jimlar “An buɗe jami'a” tana zaune a ciki, tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa. Kalmar “Edita” kuwa tana maƙale ne a jikin alamar buɗewa, a gurbin da masu kod ke kira atiribut, wato sifa. Wanda ya taɓa aika kaya ta tasha ya san bambancin. Gero yana cikin buhu, sunan mai karɓa da lambar wayarsa kuma an rubuta su da alƙalami a jikin buhun. A cikin buhu ana iya saka leda, a cikin ledar a saka ƙullin yaji, ƙunshi cikin ƙunshi. Jikin buhu kuwa rubutu kawai yake ɗauka.

Haka dokar XML take. A ciki ana iya saka wasu alamomin, a ce wannan kalma a kaurara ta, wannan a karkata ta, wannan mahaɗi ce. A sifa kuwa an hana rubuta alamar `<` ƙiri-ƙiri. Alamar `&` ma ba ta shiga sai in tana buɗe wata sakayayyar alama. Dabarar CDATA, wadda ake kewaye rubutu da ita don kada a taɓa shi, ba ta aiki a sifa. Ko sauka layi aka yi a cikin sifa, mai karanta fayil ɗin zai mayar da shi tazara ɗaya, sai fa in an rubuta shi da lamba, `&#10;`. Wato sifa wurin ɗan gajeren bayani ne, shimfiɗaɗɗe, marar rassa.

To amma ɗan Adam ba ya rasa hanya. In an hana shi rubuta `<b>`, sai ya sakaya shi ya rubuta `&lt;b&gt;`. Dokar ba ta karye ba, fayil ɗin ya wuce, kuma an cusa shafi guda na HTML a jikin buhu. Ba ƙananan masu koyo kaɗai ke yin haka ba. Tarin bayanan da Stack Exchange ke fitarwa, inda dandalin tambayoyin masu kod na Stack Overflow yake, kowace tambaya da kowace amsa layi ɗaya ce, kuma dukkan rubutun da sakin layinsa da mahaɗansa suna cikin sifa guda mai suna Body, a sakaye. Fayilolin OPML, waɗanda manhajojin sauraron shirye-shirye ke amfani da su in mutum zai kwashe jerin tashoshinsa zuwa wata manhajar, suna ajiye rubutu a sifar text, kuma ƙa'idarsu ta yarda a saka HTML a sakaye a ciki. Manhajar zane ta draw.io tana yin irin haka da rubutun da ke cikin akwatunan zane. Manhajar Android ta SMS Backup & Restore, wadda mutane da dama ke ajiye saƙonninsu da ita kafin canza waya, ita ma tana zuba kowane saƙo a sifar body, kuma tana da takardar salo da ake haɗawa da fayil ɗin don a karanta shi a burauza.

A kan wannan takardar salo ne gizo ke saƙar. Fayil ɗin XML ba abin karantawa ba ne ga mutum, sai an juya shi ya koma shafi. Harshen da aka ƙirƙira don wannan aiki shi ne XSLT, wanda sigarsa ta farko ta fito a watan Nuwamban 1999, James Clark ne editanta. Aikinsa kamar na tela ne: a ba shi yadi da awo, ya yanka ya ɗinka. Sai dai XSLT ba ya kallon haruffan fayil kai tsaye. Kafin ya fara aiki, an riga an karanta fayil ɗin an mayar da shi bishiya mai rassa, kowace alama reshe, kowane rubutu ganye. Da aka zo kan sifar nan, mai karantawa ya kware sakayen, `&lt;b&gt;` ya koma `<b>`. Amma ya koma ne a matsayin haruffa uku na rubutu, alamar ƙasa-da, harafin b, alamar sama-da. Bai zama reshe ba. A wurin XSLT babu bambanci tsakaninsa da kalmar “gero”.

Da aka gama ɗinki za a fitar da shafi, dole a sake sakaya duk alamar `<` da ke cikin rubutu, don kada burauza ta ɗauke ta a matsayin umarni. Sai burauza ta nuna wa mai karatu `<b>` tsirara a kan allo. Mai manhaja ya dubi allon ya ce XSLT ya lalata masa aiki, alhali telan ya ɗinka abin da aka auna masa ne daidai. An ce masa wannan rubutu ne, ya riƙe shi a matsayin rubutu.

Tarkacen `jami&#8217;a` ɗan'uwan wannan ne. WordPress, wanda shafuka masu yawa ke zaune a kansa, yana mayar da ɗan waƙafin sama miƙaƙƙe ya koma lanƙwasasshe, yana rubuta shi da lambarsa, `&#8217;`. Wannan sakaye ɗaya ne, kuma babu laifi a cikinsa, kowace burauza ta san ta kware shi. Matsalar tana zuwa ne in wata manhajar ta karɓi rubutun ba ta san an riga an sakaya shi ba, ta ga alamar `&` ta sake sakaya ta. Sai ya koma `&amp;#8217;`. Mai nunawa ya kware sau ɗaya, ya bar ɗaya a kan allo. In ya bi ta hannu uku, har `&amp;amp;` akan gani. Riga a kan riga, kuma babu wanda ya rubuta adadin rigunan.

Abin da ya sa wannan ya fi damun mai karanta Hausa a fili yake. A Hausa waƙafin sama harafi ne, ba ado ba. Yana cikin jami'a, sana'a, ma'aikata, addu'a, sa'a, Juma'a, 'ya'ya. Kanun labarai nawa ne ke farawa da 'yan sanda, 'yan wasa, 'yan kasuwa, 'yan majalisa? A irin wannan wuri WordPress yakan ɗauka buɗe zance ake yi, sai ya saka `&#8216;`, wanda ko da an kware shi daidai ma waƙafin ya juya baya. XML kuma ya yarda a kewaye sifa da waƙafi guda maimakon biyu, don haka duk mai haɗa fayil da hannu, yana liƙa rubutu tsakanin waƙafi guda-guda, kalmar “'yan” kaɗai ta isa ta rufe masa sifar tun ba a fara ba, fayil ɗin gaba ɗaya ya ƙi buɗuwa. Haruffa masu ƙugiya ma ba su tsira ba. In aka fitar da shafi da tsohon tsarin haruffa wanda ba UTF-8 ba, ƙ takan fita a matsayin `&#409;`, ɗ ta zama `&#599;`, ɓ ta zama `&#595;`, ƴ ɗin da ake rubutawa a Nijar kuma `&#436;`. Sakaye ɗaya ba komai. Aka ƙara na biyu, “ƙasa” ta zama `&#409;asa` a idon mai karatu.

Asarar ta wuce munin gani. Wanda ya nemi “jami'a” a akwatin bincike ba zai samu labarin da aka adana da tarkace a tsakiyar kalmar ba. Manhajar da ke karanta wa makaho rubutu da murya za ta karanto masa lambobi. Editan da ya gaji da ganin kanunsa na fitowa a wargaje kuwa, hanya mafi sauƙi a wurinsa ita ce ya zubar da ƙugiyoyi da waƙafan gaba ɗaya, ya rubuta “kasa” ko ƙasa yake nufi ko kasawa, “bata” ko ɓatawa ake magana ko ba ta, “kara” ko ƙari ne ko karan dawa. Harshe ne ke biyan bashin sakacin mai kod.

Yanzu sai maganin da kowa ke rugawa gare shi. A XSLT akwai wani makunni mai suna `disable-output-escaping`. In aka kunna shi, ana gaya wa injin cewa ya fitar da rubutun nan yadda yake, kada ya sakaya komai. Nan take `<b>` ya fita tsirara zuwa burauza, burauza ta ɗauke shi umarni, kalma ta kaurara, mai manhaja ya yi hamdala ya rufe kwamfuta. Layi ɗaya ne, kuma a kan na'urarsa ya yi aiki. Shi ya sa duk wanda ya nemi mafita a intanet wannan ce amsar da zai fara tararwa.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tun a sigar 1999 ƙa'idar ta ce ba dole ba ne injin XSLT ya girmama wannan makunni, domin yana aiki ne kawai in injin da kansa zai rubuta sakamakon a matsayin haruffa. Firefox ba ya bin wannan hanya, yana gina bishiyar shafin ne kai tsaye, don haka makunnin ba ya yi masa komai, kuma tun shekarar 2001 ake kai wa Mozilla ƙorafi a kan haka. Shafin da ya fito tsaf a wata burauzar sai ya fito da tarkace a wata. In kuma rubutun zai sake shiga wata sifar ne a shafin da ake ginawa, ƙa'idar ta ce kuskure ne a kunna makunnin a can. Da siga ta biyu ta fito a Janairun 2007, ƙarƙashin editancin Michael Kay, an ayyana makunnin a matsayin abin da ake son a rabu da shi. Wato masu harshen da kansu sun daɗe da juya masa baya.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da batun tsaro. Makunnin ba ya zaɓe. Bai san `<b>` daga `<script>` ba. A ɗauka wani matashi ya rubuta wa kansa takardar salo don karanta ajiyar saƙonninsa, ko ya gina shafin da ke tattaro labarai daga wasu shafuka, ya kunna makunnin don rubutu ya yi kyau. Daga ranar, duk wanda zai iya aiko masa da saƙo, ko ya saka rubutu a ɗaya daga shafukan da yake jawowa, zai iya aiko da umarni a maimakon gaisuwa, kuma burauzar mai karatu za ta zartar da shi da sunan shafin. A shafin da mutane ke shiga da kalmar sirri, irin wannan kafa ce ake bi a yi aiki da asusun mutum ba da saninsa ba.

Tarihi ya riga ya nuna iyakar abin. A watan Oktoban 2005 wani matashi ɗan Amurka mai shekara 19, Samy Kamkar, ya saka wani ɗan kod a shafinsa na MySpace, dandalin da ke tashe kafin Facebook ya mamaye duniya. MySpace yana tace alamar `<script>`, don haka bai bi ta nan ba. Ya ɓoye umarninsa ne a cikin sifofi, wani ɓangare a sifar style, sauran a wata sifar da ya ƙirƙira, har ya raba kalmar javascript gida biyu da sauka layi don matacin ya kasa gane ta. Duk wanda ya buɗe shafinsa sai asusunsa ya aika masa da neman abota, kuma kod ɗin ya kwafi kansa zuwa shafin wanda ya buɗe. Cikin kimanin awa 20 ya kai ga mutum fiye da miliyan ɗaya, sai da aka rufe dandalin na ɗan lokaci. Ba XSLT ne ya jawo wannan ba, amma darasin ɗaya ne da wanda ake magana a kai: abin da ke cikin sifa yana kama da rubutu marar cutarwa, har sai ranar da wani ya ba shi izinin zama umarni.

Akwai kuma masu bin hanya ta biyu, su ce su ba za su taɓa makunnin ba, da hannu za su tsinto alamomin. Sai su rubuta dokar da ke neman `<b>` a cikin rubutu, ta yanka kafinsa da bayansa, ta gina reshe, ta sake kiran kanta a kan ragowar. Yana aiki a misali uku na farko. Ranar da aka saka karkatacciyar kalma a cikin kaurararriya, ko wani ya rubuta “3 < 5” a saƙonsa, ko alama ta zo da tata sifar, sai ginin ya rushe. Mai wannan hanya yana sake ƙera injin karanta XML ne da guntayen kara, alhali akwai ƙerarre a ajiye.

Hanyar da ta dace ga wanda ya gaji irin wannan fayil ba ta da wani sirri. Tun da rubutun da ke cikin sifar takarda ce a cikin takarda, sai a karanta ta karo na biyu da injin karatu na gaskiya. XSLT 3.0, wanda ya fito a watan Yunin 2017, yana da ayyuka biyu na musamman don haka, `parse-xml` da `parse-xml-fragment`. Na biyun ya fi dacewa a nan, domin yana karɓar guntun rubutu wanda ba shi da uwar alama guda da ta kewaye shi. Da zarar an mayar da haruffan sun zama rassa, sai telan ya koma aikinsa na asali, kuma a nan ne ake samun abin da makunnin nan ba zai taɓa bayarwa ba, wato zaɓi. A rubuta doka ga sakin layi, ga kaurarawa, ga karkatawa, ga mahaɗi, a kuma duba cewa adireshin mahaɗin ya fara da https kafin a bar shi ya wuce. Duk alamar da ba ta cikin waɗanda aka amince da su a zubar da ita a bar rubutunta, `<script>` kuwa a zubar da shi da abin da ke cikinsa. Injin Saxon, wanda Michael Kay ɗin nan ya rubuta, yana da sigar kyauta da ke yin duk wannan.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin HTML da XML 'yan uwa ne amma ba tagwaye ba. HTML ya yarda a rubuta `
` ba a rufe ba, XML bai yarda ba. HTML ya san `&nbsp;`, XML kuwa sakayayyun sunaye biyar kacal ya sani da kansa: `amp`, `lt`, `gt`, `quot` da `apos`. Don haka `parse-xml-fragment` zai yi tuntuɓe a kan rubutun da mutane suka buga da hannu. Siga ta uku tana da `xsl:try` da `xsl:catch`, waɗanda ke ba da damar a ce in karatun ya gaza, a nuna rubutun a sakaye kawai, ya yi muni amma ba ya cutarwa. Wanda ya san HTML na gaske yake karɓa kuwa, gara ya fara bi da shi ta injin karanta HTML kafin ya miƙa wa XSLT.

Wannan tuntuɓen ne hujjar masu kare ɗabi'ar, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa XML ba ya yafiya: kuskure ɗaya a fayil, karatu ya tsaya cak. In aka bar rubutun miliyoyin mutane ya shiga a matsayin rassa na gaske, mutum ɗaya da ya manta rufe alama zai kashe fayil ɗin kowa. Sakayewa ita ce katangar da ke raba ɓarnar mutum ɗaya da sauran jama'a. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce ta sakayewa, ba ta cusawa a sifa ba. Ana iya sakaya rubutu a ajiye shi a ciki, inda sauka layi ba ya ɓata, inda CDATA ke aiki, inda kuma za a iya liƙa masa sifa da ke faɗin ko mene ne shi. Abin da ke jawo riga a kan riga shi ne rashin wannan shaida.

RSS da Atom sun isa misali. Ƙa'idar RSS 2.0 ta ce ana iya saka HTML a sakaye a bayanin labari, amma ta yi shiru a kan kanun labari. Sai kowace manhaja ta koma canki-canka: wannan ta ɗauka kanun rubutu ne tsantsa, waccan ta ɗauka HTML ne. Daga wannan shirun ne tarkace da yawa ke faɗowa saman allon waya. Atom, wanda aka fitar a Disambar 2005 a takarda mai lamba RFC 4287, ya toshe kafar da sifa ɗaya. Kowane rubutu yana faɗin nau'insa, text ko html ko xhtml, kuma rubutun kansa yana ciki. Mai karɓa ya san riga nawa zai cire. Ga sifa tana aikin da aka yi ta dominsa, tana bayanin abin da ke cikin buhu.

Android ma ya bi wannan tafarki. A fayil ɗin zanen fuskar manhaja, abin da ake so a sifar `android:text` shi ne ɗan nuni kawai, kamar `@string/gaisuwa`, jimlar kanta kuma tana can a fayil ɗin strings.xml, a ciki, inda aka yarda ta ɗauki `<b>` da `<i>` da `<u>` na gaske. Duk wanda ya taɓa fassara manhajar Android zuwa Hausa ya san wani ƙaramin tarko a can: waƙafin sama sai an sa masa karkatacciyar sanda a gaba, a rubuta `jami\'a`, in ba haka ba ginin manhajar ya tsaya da kuskure. Abin haushi ne, amma kuskuren da ke tsayar da mai kod a kan teburinsa ya fi wanda ke bayyana a wayar mai karatu. Ko HTML, da ya buɗe ƙofar saka shafi guda a sifar `srcdoc`, ya fayyace yadda za a sakaya shi, ya kuma tanadi sifar `sandbox` don ɗaure abin da ke ciki. Sifar da WhatsApp da Facebook ke ɗaukar ɗan bayanin mahaɗi daga cikinta, `og:description`, rubutu tsantsa take so, shi ya sa shafin da ya zuba mata sakin layinsa da alamominsa yake ganin su tsirara a zaure.

Wani zai ce ai maganar ta kusa mutuwa. Burauzoji ba su taɓa wuce XSLT na 1999 ba, kuma a shekarar 2025 Google ya sanar da shirin cire shi daga Chrome zuwa ƙarshen 2026, yana kafa hujja da tsaro da ƙarancin masu amfani, masu Firefox da Safari kuma sun nuna goyon baya. Haka ne, kuma wanda ya dogara da buɗe ajiyar saƙonninsa a burauza ta hanyar takardar salo ya kamata ya fara neman wata hanyar. Amma cire XSLT daga burauza bai goge fayil ko ɗaya ba. RSS na nan, OPML na nan, sifofin da aka cika da HTML suna nan, juyawar ce kawai za ta koma kan saba ko ta koma hannun JavaScript. A can ma makunnin yana jira da wani suna: `innerHTML` yana yin abin da `disable-output-escaping` ke yi, da hatsari iri ɗaya. JSON, da ya maye gurbin XML a sabbin manhajoji, ba shi ma da hanyar saka alama a tsakiyar jimla, don haka duk HTML da ke cikinsa a cushe yake a matsayin rubutu, ba tare da shaidar riga nawa ya sa ba.

Mai waya da ya ga tarkacen, abin da zai yi ya fi goge manhaja amfani: ya ɗauki hoton allo ya aika wa masu shafin ko masu manhajar, domin su a kwamfutarsu wataƙila komai tsaf yake fitowa. Matasan da ke koyon gina manhaja a Kano ko Kaduna ko Damagaram kuwa, akasarin darussan da suke bi da rubutun Turanci ake gwaji, wanda zai iya wucewa ba tare da ya taɓa ko ɗaya daga cikin tarkunan nan ba. Jimla ɗaya ta Hausa ta isa ta tona su. A saka wannan a matsayin kanun labari, a bi ta daga inda aka buga ta har zuwa sanarwar da ke faɗowa a waya:

`'Yan ƙasa & ma'aikata: 3 < 5 <b>ne</b>`

In ta fito da `&amp;` ko `&#409;`, an sakaya sau biyu, sai a nemo inda aka ƙara rigar. In fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, ana haɗa shi da hannu ne ba a sakaya ba. In kuwa kalmar “ne” ta fito a kaurare alhali ba wanda ya rubuta dokar da ta ba `<b>` izini a kanun labari, to ƙofar a buɗe take, kuma `<script>` ma ta nan zai shigo.